Littafin da Na Ɓoye Cikin Toka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yar Kaka,

Ina gaishe ki, irin gaisuwar da ban saba yi miki da baki ba. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun safe nake jin ki kina jan akwati. Allah Ya tsare ki a tafiyar da za ki yi jibi, daga nan Sabon Birni har Sakkwato, a hanyar da kika san yadda ta koma a 'yan shekarun nan. Ya tsare ki a cikin jirgi, Ya sauke ki lafiya a ƙasar da har yau ban iya faɗin sunanta daidai ba.

Babanki zai zaunar da ke a zaure ya yi miki nasiha a kan salla da abinci da zama da mutane, kuma ya fi ni iya wannan. Ni abin da nake da shi kurakuraina ne. Su za ni ba ki ki tafi da su, don na ga mutum ya fi tuna inda wani ya faɗi a kan inda aka nuna masa da yatsa. Akwai kuma wani abu naki da ke hannuna shekara uku. Za ni zo kansa, ki yi haƙuri da ni, sai na ɗan zagaya kafin in iya.

Ke ce ɗiyata ta fari. Kin san abin da wannan ke nufi a wurinmu, balle ni da na tashi a Kamarawa a hannun uwa Bafulatana. Ban taɓa kiran sunanki ba. Ranar da aka kai ki rigakafi kina jaririya, ma'aikaciyar ta tambaye ni sunan yarinya, na sunkuyar da kai har sai da matar da ke bayana a layi ta faɗa mata. Da aka yaye ki, uwar babanki ta ɗauke ki zuwa ɗakinta, kika zama 'yar Kaka, ni ma haka nake ce miki har yau da Kaka ta yi shekaru a ƙasa. Ƙannenki ina kiran su, ina yi musu faɗa, ina dariya da su. Ke kuwa in ina son ki ci abinci sai in ce wa bango, "A faɗa wa mutane tuwo na hucewa." Ban ce kunyar nan mugun abu ba ce. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma babu wanda ta so kamarsa. Abin da na gane a makare shi ne na bar ta ta shiga inda ba wurinta ba.

Kina 'yar shekara shida ko bakwai, lokacin muna Tsamaye, ina niƙan gero a dutse kika zo kika tsuguna kusa da ni. Kin daɗe kina kallon garin yana zuba a faifai, sannan kika ce, "Inna, in kika yi ta niƙa shi ba ki daina ba, mi zai zama?"

Kaka tana zaune a inuwa tana tsintar wake. Na ji idonta a bayana. Sai na juya fuska na ce a gaya wa yarinyar nan ta matsa kada ta zuba mini ƙasa a gari. Kaka ta yi dariya ta ce zai zama tuwo, ki ci ki bar mutane su huta, mai bakin tambaya. Kika tashi kika bi awaki.

Abin da ba ki sani ba, da kuka bar tsakar gidan na ware tafi ɗaya na garin na mayar kan dutse. Na yi ta niƙawa har kafaɗata ta yi tsami. Ya yi laushi, ya ƙara laushi, ya fara manne wa dutsen, ya shige cikin zanen yatsuna. Na hura shi a inda rana ke ratsowa ta ɓular zana, na ga yana yawo a cikin hasken, ƙanana ƙanana, kowane da jikinsa. Na tsaya ina tunanin cewa da ina da dutsen da zai kama ɗaya daga cikinsu, shi ma zai rabu biyu. To rabinsa fa? Ranar sai da miyata ta kama. Tambayarki ta zauna mini a kai kwana da kwanaki, amma ban taɓa ce miki ta zauna ba. Kin tashi kina zaton uwarki ba ta damu da irin waɗannan abubuwa ba, alhali a kan dutse ɗaya muka yi mamaki ɗaya.

Don haka ki ji ni. Can inda za ki, za a ba ki ɗalibai, kuma wata rana Allah zai ba ki 'ya'ya. In wani ya zo miki da tambaya, ko kina cikin aiki, ko akwai wanda kike jin nauyinsa a wurin, ki dube shi. In ba ki san amsar ba ki ce masa, ban sani ba, amma ni ma abin ya ba ni mamaki. Wannan kaɗai da na faɗa miki a ranar, da mun yi shekara ashirin muna magana.

Kin yi firamare, kin tafi makarantar kwana ta 'yan mata, muka dawo Sabon Birni da zama lokacin da kwana a ƙauye ya fara wuya. Da za ki shiga jami'a a Sakkwato kowa ya ce likita za ki zama, ko a ƙalla unguwarzoma, don garin nan na buƙatar mace a asibiti. Kika ce Fiziks. Babanki ya ce tunda malamanki sun ce can kanki ya fi ƙarfi, a bar ki. Ni kuwa ban san mene ne shi ba. Da na tambaye ki da kin faɗa mini cikin lokacin da ruwa zai tafasa. Ban tambaya ba.

Sai ga sunan ɗiyar ƙanwata a Bafarawa. Mata sun cika ɗaki, aka sa ni a tsakiya ana tambaya, wai me 'yar Kaka ke karantawa da ba ta ƙarewa. Na ji kunyar in ce ban san abin da ɗiyata ke yi ba. Na tuna na taɓa ganin hoton ƙwan fitila a bangon wani littafinki, sai na ce aikin lantarki ne. Kin tuna abin da ya biyo baya. Da kika zo hutu, aka aiko da fitilun sola uku, da rediyo, da wata waya da ta faɗa rijiya. Kika fito kika ga an jera su a tabarma, kika dube ni sau ɗaya, kika ɗauki wuƙar yanka albasa kika kwance fitila ɗaya. Wayar wuta ce ta saki a ciki, kika ɗaure ta, ta kama. Sauran kika mayar wa masu su da ban haƙuri. Goggo Hansi, yayar babanki, tana gefe tana shan fura ta ce, "Shekara huɗu a jami'a, fitila ɗaya. In Allah Ya kai mu shekara takwas sai a kawo miki rediyon."

Kin yi dariya tare da ita, ba ki tona ni ba. Na ji wannan fiye da da kin yi magana. Abin da za ni ce miki a nan kaɗan ne. Kada ki cike ramin rashin sani da abin da kika ƙaga don mutane na kallonki. In masu ilmin can sun taru sun tambaye ki abin da bai zo miki ba, ki ce bai zo ba tukuna. In kuma sun tambaye ki aikin uwarki, ki ce tana niƙa, tana tankaɗe, tana sayar da daddawa, ta iya karatu da rubutu daga ajin manya. Kada ki ƙara mini komai.

Yanzu na zo inda nake ta zagayewa.

Shekara uku da suka wuce, kina karatun digirinki na biyu, aka rufe makaranta kika dawo gida wata da watanni. Kina da wani littafin rubutu mai baƙin bango, mai kauri. Da shi kike wuni a gindin darbejiya. Kin rame. Ana ajiye miki abinci ƙuda ya riga ki. Wani lokaci in gan ki kina magana ke kaɗai, kina zana abu a iska da yatsa, ki yi tsaki, ki soke shafi guda da layi ɗaya. Na damu, amma ba ni da bakin da za ni ce miki me ke damun ki.

Ran nan kin shiga wanka kin bar shi a buɗe a kan tabarma, ni da Goggo Hansi muka leƙa. Na yi zaton za ni ga lissafi irin na makaranta. Abin da na gani zane ne: layuka biyu sun taho sun haɗu, wani layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji ya fita daga mahaɗarsu, kibiyoyi ƙanana a jikinsu, wani wurin da zobe a tsakiya. A gefensu haruffa waɗanda ba boko ba, ba ajami ba, wasu da ƙugiya, wasu kamar cokali mai yatsu. Shafi bayan shafi haka.

Goggo Hansi ta ja da baya ta kama haɓa. Ta rage murya ta ce, "Wanga hatimi ne. Ke ba ki ji yadda suke yi a manyan makarantu don cin jarrabawa ba? Kuma irin wanga in bai karɓi mutum ba, kansa yake komawa. Dubi wuyanta."

Na dubi wuyanki da kika fito, na ga ƙasusuwa. Na yarda.

Ina son ki gane yadda kaina ya yi aiki, ba don in wanke kaina ba. Ban iya tambayarki ba. Ban so in faɗa wa babanki ba, kada ya ce a cire ki daga karatu, don duk da tsoron da nake ji ban so a cire ki ba. Ban iya ƙona littafin ba, don Goggo ta ce in an ƙona hatimi mai shi wutar ke ci. Ban iya jefa shi a juji ko a masai ba, don ban sani ba ko akwai sunan Allah a cikin haruffan da ban iya karantawa ba. Abin da ya rage shi ne in nisanta shi da ke ba tare da na cuce shi ba. Ranar kasuwa kin raka babanki asibiti a duba masa ido, na ɗauki littafin na sa a zane, na ce za ni Tsamaye duba rumbu.

Na adana shi yadda muke adana irin wake. Na samo tukunyar Kaka, na zuba toka mai sanyi da na tankaɗe, na naɗe littafin a tsumma na kwantar, na bi da busasshen ganyen darbejiya, na cika da toka har wuya, na kifa kasko na liƙe bakin da laka. Na sa ta a ƙasan rumbun, can ƙarƙashin dammunan maiwa. Kafin in naɗe shi na yage shafi ɗaya na soke a ɗankwalina.

Kwana uku kina nema. Kin zazzage akwati, kin ɗaga katifa, kin je tasha kin tambayi direbobi ko kin bar shi a motar da ta kai ku asibiti. Kin tambayi kowa a gidan, har Goggo Hansi, wadda ta ce ita ina ruwanta da takardun boko. Ni kaɗai ba ki tambaya ba, don ba mu saba ba. A rana ta uku na gan ki a bayan ɗaki kin haɗa kai da gwiwa. Kika ji motsina kika miƙe kika ce, "Sannu da aiki, Inna," kika wuce. Aikin wata bakwai ne a ciki. Wannan daga baya na ji.

Shafin da na yage na kai wa wani tsohon malami a garin Isa, wanda mahaifina ya yi karatu a zaurensa. Na ce masa a ɗakin wata yarinya aka tsinta, a duba ko akwai abin karyawa. Ya sa tabarau, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe. Ya ce shi dai a iya saninsa wannan ba hatimi ba ne, don hatimi gidaje gare shi a rufe, kowane gida da abin da aka zaunar a ciki, wannan kuwa ko'ina a buɗe yake. Ya ce ya fi kama da hanyoyi, kamar mutum biyu sun taho daga garuruwa biyu, sun gamu, sun miƙa wa juna wani abu, kowa ya kama gabansa. Sannan ya ɗora yatsa a kan zoben da ke tsakiya ya ce, "Wanga ne ban gane ba. In kin koma ki tambayi mai takardar, ki aiko mini da amsa. Ina son in sani."

Tsoho mai shekara tamanin ya ce yana son ya sani. Ni na karɓi takardata na dawo gida na sa ta ƙarƙashin kwanonin jerena. A ranar ya kamata in tafi Tsamaye in fasa tukunyar nan. Na ce gobe. Da goben ta zo na ga kin sayi sabon littafi kin fara daga farko, na ce bari ta ɗan huce. Da aka buɗe makaranta kika tafi, na ce in ta dawo. Kowane jinkiri ya sa faɗin ya ƙara nauyi. Malamin ya rasu bara ban kai masa amsarsa ba.

Abin da zanen yake, a bayan zana na koye shi. Wata la'asar bayan kin gama digirin, babanki ya ce ki zauna ki faɗa masa da Hausa abin da kike yi, don abokansa a masallaci sun dame shi. Ina tankaɗe a ɗaya gefen, na rage bugun rariya don in ji. Kika ce duk abin da ido ke gani, dutse da ruwa da jikin mutum, an gina shi da ƙwayar zarra, ita ma zarrar tana da cibiya, cibiyar ma akwai waɗanda suka fi ta ƙanƙanta a cikinta. Na ajiye rariyar. Garin geron nan ne, ashe ba ki bar shi ba tun daga Tsamaye.

Kika ce a wata ƙasa an haƙa rami mai zagaye a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fi kewayen garinmu, ana koro waɗannan ƙananan abubuwa da gudu su yi karo, a duba abin da ya tarwatse. Babanki ya ce, ana ganin su? Kika ce ba a ganin su, sawunsu ake gani, yadda makiyayi ke duba ƙasa da safe ya ce saniya biyar sun wuce, ɗaya tana ɗingishi. Kika ce ke ba ki taɓa injin ba, naki aikin biro ne da takarda: ki lissafa tun kafin a yi karon abin da ya kamata ya fito, da sau nawa. Na ji kin karya tsinke kina zane a ƙasa, kina cewa ga ɗaya ya taho, ga ɗaya ya taho, sun gamu nan, sun yi musayar wannan. Maganar malamin Isa ce sak. Kika ce in injin ya nuna abin da ya saɓa wa lissafinki, ko dai kin yi kuskure, ko kuma akwai wani abu a halittar Allah da ba a sani ba tukuna. Babanki ya ce wanne kika fi so. Kika ce na biyun, amma kusan kullum na farkon ne. Ya yi dariya ya ce, to mi za a ci a ciki? Kika ce ba a cin komai, Baba, sani ne kawai. Ya ce to Allah Ya sa albarka, zai gaya wa mutanen masallaci ɗiyarsa mai bin sawu ce.

Sannan ya tambaye ki littafin da ya ɓace, ko kin mayar da abin da ke ciki. Kika ce kin mayar da mafi yawa. Amma akwai wata gajeriyar hanya da kika taɓa bi a wani lissafi, wata rana a gindin darbejiyar nan, ta fito miki cikin shafi uku, kuma har yau ba ki sake gano ta ba. Wadda kika bi daga baya shafi talatin ce, kuma ba ta da kyau. Kika ce wani lokaci kina jin ta kusa, kamar sunan mutumin da ka sani ya ƙi zuwa baki.

Na ji wannan da kunnena, kuma na ƙara shekara biyu ban yi magana ba. Kin fara koyarwa a jami'a. Kin rubuta abin da kika gano, mutanen waje suka karanta, suka yi ta aiko miki da tambayoyi, har suka ce ki zo ki zauna da su shekaru ku yi aiki tare. Duk lokacin da aka zo yi mini barka sai in ji tukunyar nan a ƙirjina. Laifin farko na yi shi cikin tsoro da rashin sani, ina iya cewa Allah Ya gafarta. Shirun da ya biyo baya da sanina na yi shi.

Ranar Laraba da ta wuce na je Tsamaye. Babanki bai so ba, na ce masa tukwanen Kaka za ni kwaso kafin damina ta ƙarasa su. Na bi 'yan kabu-kabu da safe cikin ayarin masu zuwa kasuwa, kowa bakinsa da addu'a. Gidan babu kowa, ɗakin Kaka ya zube ta gabas, ciyawa ta kai gwiwa a inda dutsen niƙa yake. Rumbun yana tsaye. Na jingina tsani na hau, ni da gwiwoyin nan, na ɗaga murfin na shiga. Maiwar an daɗe da kwashe ta, ɓeraye sun yi gida, amma tukunyar tana nan da lakarta. Na fasa bakin a tsakar gida. Gara ba ta taɓa littafin ba. Takardun sun yi fari-fari, suna warin toka, in kin buɗe sai kin yi atishawa, amma kowane layi yana nan. Na dawo kafin azahar da shi a ɗaure a cikina, da tukunya ɗaya a hannu don kada in zama maƙaryaciya gaba ɗaya.

Ga shi nan ƙarƙashin wannan takarda. Shafin da na yage na mayar da shi wurinsa, na liƙe da ƙullun fulawa. Ban sani ba ko yana cikin ukun da kike nema. In yana ciki, to shekara uku gajeriyar hanyarki tana ƙarƙashin kwanonina, taku goma daga inda kike kwana.

Kin ce a aikinku kusan kullum mutum shi ke da kuskure. To ki ɗauki wannan daga wadda ta san nauyinsa. Ranar da kika gano kin yi kuskure a lissafi, ko da an riga an buga shi da sunanki, ko da manya sun yaba, ki faɗa a ranar. Kada ki ce gobe, kada ki ce bari a huce. Ranar farko abin tafi ɗaya ne, bayan shekara sai an sa tsani. Kuma in kika ga wani abu a hannun mutanen can da ya ba ki tsoro, a abincinsu ko ɗabi'arsu ko aikinsu, ki tambayi mai shi kafin ki tambayi na gefe. Goggo Hansi ba ta yi don mugunta ba, ita ma son ki take yi, amma ba ita ta yi zanen ba. Ki ci abinci kuma. Rabin abin da ya sa na yarda da maganar hatimi wuyanki ne. In lissafi ya ƙi, ki tashi ki dama kunu, na sa miki garin a shuɗiyar jaka tare da kuka da daddawa da yaji.

Da farko na yi niyyar in tura littafin da takardar nan can ƙasan akwatinki, ki gan su bayan kin sauka, teku na tsakaninmu. Har na ɗaga kayan. Sai na ga wata tukunyar ce nake shirin liƙewa. Shi ya sa za ni ajiye su a kan sallayarki gobe da hantsi, lokacin da kika fita gaida maƙwabta, saura kwana ɗaya cur kina gida. In kin yi fushi kina da wuni guda da za ki yi shi a gabana, kuma kina da gaskiya. Ina neman gafararki.

In kuma kin ga za ki iya, ina bayan ɗaki wajen murhu bayan la'asar. Na share ƙasar wurin, na yayyafa ruwa don zane ya fito. Ki zo da tsinke. Shafin nan na kalle shi har na iya zana shi da ka: na gane masu tahowa, na gane inda suka gamu, na gane abin da suka miƙa wa juna. Zoben tsakiyar ne ban ji kin faɗa wa babanki ba. Daga ina ya fito, tunda babu wanda ya shigo da shi, kuma ina ya tafi, tunda babu wanda ya fita da shi? Ina kuma son in ji ko garin nan yana da inda yake tsayawa, ko har yanzu kuna niƙawa. Ki faɗa mini a hankali, in ban gane ba za ni ce ban gane ba.

Allah Ya kiyaye ki a tafiya da zama. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da ciwon baƙon wuri. Ya buɗe miki abin da ke rufe a cikin aikinki, Ya sa ki gan shi da idon mai tsoron Sa. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Allah Ya jiƙan Kaka da ta riƙe ki, da malamin da ya so ya sani.

Yau za ni rubuta sunanki, gobe kuma in Allah Ya ba ni ƙarfi za ni faɗe shi da baki.

Allah Ya yi miki albarka, Lubabatu.

Ni ce,
Innarki.